Yadda Ake Loda Wa Kwamfutoci Babbar Manhaja Ta Waya, Ba Tare Da Filas Ba

Wannan bayani na rubuta shi ne don 'yan uwanmu masu gyara a Computer Village ta Ikeja, da masu kula da shagon intanet ko cibiyar jarrabawar JAMB. In an ajiye maka kwamfuta 40 aka ce ka loda musu Windows ko Ubuntu, bin su da filas ɗaya bayan ɗaya sai ya cinye maka yini. Mafita ita ce PXE, tsarin da kamfanin Intel ya fitar, wanda sigarsa ta 2.1 ta fito a 1999.

Kwamfuta ɗaya ake warewa ta zama uwar garke, sauran a jona su da ita ta wayar netwok. Da an kunna kowace, sai ta nemi adireshi a wajen DHCP. Shi zai ba ta adireshin, ya kuma gaya mata sunan fayil ɗin tashi da inda yake. Daga nan ta ɗauko shi ta TFTP, a ƙofa ta 69, lodi ya fara.

Ni dnsmasq nake ba da shawara a kan Linux, don ita kaɗai tana aikin biyun. Ka ba uwar garken adireshi tsayayye, sannan a fayil ɗin saiti ka bayyana jerin adireshin da za ta raba, ka ƙara waɗannan:

enable-tftp
tftp-root=/srv/tftp
dhcp-boot=pxelinux.0

Wannan pxelinux.0 na masu tsohon BIOS ne. Masu UEFI fayil mai ƙarewa da .efi suke so, kamar grubx64.efi. In ka haɗa su ba daidai ba, wallahi ba za ta tashi ba. Yawancin Dell da Lenovo, F12 ke buɗe zaɓin tashi.

Hattara da abu biyu. Na farko, in rauta ɗinka tana raba adireshi, kar ka kunna wani DHCP a kanta, rikici za su yi. Ko ka kashe na rautar, ko ka sa dnsmasq a yanayin proxy. Na biyu, lodi mai sarrafa kansa yana goge faifai ba tambaya. Kwamfutar kwastoma mai takardu a ciki, cire mata waya tukuna.

Wanda saitin ya yi masa nauyi, ya gwada FOG Project, kyauta ce. Amma fa a tanadi janareta ko inbata, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar lodi, sai an sake daga farko.