Tarihin Allunan Kantuna a Zangunanmu

Jama'a, duk wanda ya bi titin Nima ko Sabon Zango a Ankara, ko kuwa ya ratsa Aboabo a Kumasi, zai ga alluna rututu bisa ƙofofin kantuna, waɗansu na fenti, waɗansu na roba, waɗansu har da fitila a ciki. Mutum ya kan wuce su bai ko ɗaga kai ba. Alhali kuwa akwai tarihinmu a jikinsu. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan kayanmu na shiga kasuwa, amma galibi waɗansu ne ke rubuta musu suna, da irin harufan da su ka ga dama. Mu da aikinmu ya zama na takarda da tafireta mun ga ya kamata mu bi labarin daga tushe, don mai niyyar kafa allo ya san abin da zai nema.

Zamanin da ba allo

Kakanninmu da su ka zo fataucin goro Gwanja ba su san allon kanti ba. A Salga, baƙon falke ya kan sauka wurin mai gida, shi ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in za a ba da bashi. Sunan mai gida shi ne allo, bakin mutane kuwa shi ne fentinsa. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, mutane su ka bazu zuwa Yeji da Kete Krachi da Kumasi da bakin teku, su ka tafi da wannan al'ada duk inda su ka sauka.

Kada a ce rashin sanin rubutu ya kawo haka. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda a ka haifa a Kano, ya rasu a 1934, ya yi rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. Dubi kuma yadda malamanmu ke rubuta Alƙur'ani da hannu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, sa'an nan a bar fili a gefe, a sa zayyana inda hizifi ya ƙare. Kowane launi da aikinsa, ba a sa shi don ado kaɗai ba. Watau mun san tsarin shafi tun kafin injin ɗab'i ya iso. Sai dai mun ɗauki rubutu abin girmamawa ne, na karatu da wasiƙa da lissafin bashi, ba abin ratayawa a rana ƙura ta rufe shi ba.

Zuwan tambarin Turawa

Turawa ne su ka koya wa kasuwa saye da alama. Sun tarad da jama'a masu harsuna barkatai, mafi yawa ba su karanta boko, sai su ka sa hoto ya yi magana. Tun daga kuɗi a ka fara. Kwabon Afirka ta Yamma yana da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. Sulen da a ka fara bugawa a 1913 kuwa hoton bishiyar kwakwar manja ne a bayansa. Ko cikin duhu hannu ya bambanta kwabo da sule.

Haka kayan kanti. Addar Martindale ta Ingila hoton kada ne a jikinta, manomi sai ya ce a ba shi mai kada. Sabulun Key mabuɗi ne, keken Raleigh kan zalɓe, keken ɗinkin Singer kuwa babban harafin S ja wur, wanda ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba ta shaida shi daga nesa. In mun auna waɗannan alamu, za mu ga dabara guda ce: abu ɗaya tak, launi ɗaya ko biyu, suna gajere. Iyayenmu mata ma sun ƙware. Mai sayen atamfa ta kan juya bakin zane ta duba hatimi da lamba kafin ta taya, domin ta san akwai jabu.

A 1929 a ka haɗa manyan kamfanoni biyu su ka zama U.A.C., mai kantunan Kingsway. Ga kuma U.T.C. na mutanen Suwizalan, da John Holt, da G. B. Ollivant, da C.F.A.O. na Faransa. Allunansu manyan baƙaƙe ne miƙaƙƙu, da tazara daidai wa daida, ba ƙwalisa, kamar mai cewa yana nan daram. Amma kyawun harafi ba ya wanke mugun ciniki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kaya su ka yi tsada, a ka zargi ƙungiyar manyan kamfanonin, wadda a ke taƙaita sunanta da A.W.A.M., da haɗa baki. Ran 26 ga Janairu 1948 Nii Kwabena Bonne, wani basarake na Ankara, ya ja jama'a su ka ƙaurace wa kayan kanti. Ran 28 ga Fabrairu a ka harbe tsofaffin sojoji uku a hanyar fadar Gwamna, gari ya hargitse, a ka wasashe kantunan Turawa da na Kwara. Tun daga sa'an nan kalmar "awam" ta shiga bakin mutanen ƙasar nan da ma'anar maguɗi. Harufa huɗu da a ka tsara don kwarjini su ka koma zagi.

Sunayenmu sun hau allo

Da Gwalkwas ta zama Gana a 1957, sai ƙasa ta yi nata alamu. Theodosia Okoh ta zana tuta, ja da ruwan zinariya da kore, da baƙin tauraro a tsakiya, Amon Kotei kuma ya zana tambarin gwamnati. A shekarar ne a ka buɗe sabon ginin Kingsway a Ankara, mai manyan tagogin gilashi, inda a ke jera kaya mutum ya ciyad da ido kafin ya taɓa aljihu. Ƙananan 'yan kasuwa su ka gani, su ma su ka fara neman mai fenti. Tela, da aski, da mai gyaran agogo, da dillalin shanu da ya buɗe ofis, kowa na son a rubuta "Alhaji Wane da 'Ya'yansa" bisa ƙofa, amma da Turanci.

Masu fentin nan gwanaye ne. Su kan ja layi da zare da alli, su yi wa harafi inuwa har ya zama kamar sassaƙa. Su ne kuma ke rubuta kirari a goshin motocin Bedford masu bodin katako, kuma a can ne Hausa ta fi samun wuri, irin su "Sai Allah" da "Haƙuri maganin duniya". Sana'ar ta yi ƙarfi ƙwarai a Kumasi, inda Kwame Akoto ya buɗe shagonsa a 1972, har zane-zanensa su ka kai ɗakunan nuni na Turai.

Sai dai kafin wannan an yi mana babban rashi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da odar duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Dubban mutane su ka fita, cikinsu har da waɗanda a nan a ka yanke musu cibiya. An sayad da kantuna da rumfuna a wulaƙance. A 1970 kuma a ka yi dokar da ta keɓe ƙananan ciniki ga 'yan ƙasa. Wanda ya gaji kanti, abin da zai fara yi shi ne ya shafe sunan da ya tarar. Da gwangwanin fenti guda a kan share wahalar shekara talatin. Wannan ya isa ya nuna mana allo ba katako ba ne kurum, shaida ce cewa wane ya zauna a nan, ya yi sana'a, an san shi.

Zamanin inji

Bayan shekarar 2000 injin buga allon roba ya yawaita, kwamfuta ta karɓe aikin buroshi. An sami sauƙi da sauri, ba musu. Amma da ya ke ƙarin harafi ba ya ƙara kuɗi, sai a ka shiga cusa kome: launi bakwai, salon rubutu biyar, lambar waya uku, da hoton abincin da ba a taɓa dafa shi a gidan ba. Taron yawa ya sa ido ya rasa inda zai sauka.

Abin da ya fi damunmu shi ne allunan masu abinci. Abincinmu ya ci ƙasar nan kaf, amma dubi yadda a ke rubuta shi. Shinkafa da wake ta zama "waakye" bisa ƙa'idar rubutun Tuwi, ƙosai ya zama "koose", tuwon zafi ya zama "tuo zaafi", har a ka gajarce shi "TZ". Ba mu ga laifin maƙwabtanmu ba, sun rubuta yadda kunnensu ya ji. Dalili kuwa a fili ya ke. Tun a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya da harufa masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, amma a nan Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa don koyarwa a makarantu, ko da ya ke gidan rediyonta ya daɗe yana labarai da ita. Tafiretocin ofis kuma ba su da waɗannan harufa, sai akawu ya ƙara lanƙwasa da alƙalami. Yanzu wannan uzuri ya faɗi, domin suna cikin wayar kowa. Kada kuwa a raina lanƙwasa, gama ita ce ta raba "masaukin baƙi" da "masaukin baki".

Ma'auni huɗu

To, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Na fari, a tsallaka titi a duba allo. In ba a karanta shi daga can ba, bai yi ba. Na biyu, salon harafi ɗaya ko biyu, launi biyu, kowanne da aikinsa, kamar yadda malamanmu ke yi, a kuma bar fili. Na uku, a sa alama guda wadda yaro da tsohuwa za su iya kiran kantin da ita. A allon abinci kuwa a rubuta suna da fenti, kuɗi da alli, gama an sake kuɗin ƙasar nan a 1958 da 1965 da 1967 da 2007, balle tashin farashi. Na huɗu, a rubuta Hausa daidai. In mai saye ya saba da "waakye", a bar masa, amma a sa "shinkafa da wake" a ƙarƙashi, don jikokinmu su san daga tukunyar wa ta fito.

Bayan duk wannan, a tuna da mai gidan Salga. Abin da allo ya faɗa, a tabbata an same shi a cikin kanti, domin suna linzami ne. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya bar sunayenmu bisa ƙofofinmu. Amin.