Harbin uwar barewa da ɗanta: rigimar da Amurkawa suka shekara ɗari suna yi

Yau za mu shiga dajin Amurka ne, kan tambayar da ta daɗe tana raba kan maharban can: ya dace a harbi macen barewa ko ɗanta a lokacin farauta? Na san da yawanku kun riga kun amsa a zuci, haba, uwa da ɗa? Haka Amurkawa ma suka riƙa cewa. Amma wannan ƙyamar tana da ranar haihuwa, doka ce ta koya musu ita, kuma ta yi musu amfani kafin ta dawo ta zame musu alaƙaƙai.

Barewar da nake nufi ita ce mai farar wutsiya da 'yar'uwarta mai manyan kunnuwa. Namiji ne kawai ke da ƙaho, mai rassa kamar bishiya, yana zubar da shi duk shekara wani ya fito. Ku riƙe wannan, don dokokin duk a kan ƙahon nan aka gina su.

A ƙarni na 19 babu ruwan maharbi da mace ko namiji. Ana kashewa a loda nama a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, a sayar da fata. Fatar ta yi darajar da har ana cinikin kaya da ita, shi ya sa ake danganta kalmar "buck" da suke kiran dala da fatar namijin barewa. Ga saran daji kuma. Zuwa 1900 an ƙiyasta cewa barewa mai farar wutsiya da ta rage a duk ƙasar ba ta wuce 500,000 ba. A jihar Pennsylvania abin ya kai sai da hukuma ta sayo barewa daga Michigan a 1906 ta sake su a dajinta.

Daga nan aka fara gyara. Dokar Lacey ta 1900 ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Sai Pennsylvania ta yi dokar namiji kaɗai a 1907, Wisconsin ta bi sahu a 1915. Lissafin mai sauƙi ne, duk mai kiwon awaki ya san shi: bunsuru ɗaya ya ishi garke, amma in ka yanka akuya ka yanka 'ya'yan da za ta haifa. Macen barewa mai ƙoshin lafiya tagwaye take haifa kusan duk shekara. Uba ya riƙa gaya wa ɗansa cewa namijin duniya ba ya harbin mace, ɗan ya girma ya gaya wa nasa. Cikin shekaru ashirin abin da aka yi don lissafi ya koma maganar mutunci.

Inda aka fara ganin ɗaya fuskar shi ne tsaunin Kaibab, a arewa da babban kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt, wanda shi kansa riƙaƙƙen maharbi ne, ya mayar da wurin gandun daji, aka hana farautar barewa gaba ɗaya. An ce a lokacin kusan 4,000 ne. Ba a tsaya nan ba, gwamnati ta sa aka bi namun dajin da ke cin su, aka kashe ɗaruruwan zakunan dutse, dubban karnukan daji masu kama da dila, aka ƙarar da kyarkeci. Niyya mai kyau ce fa, a ceci barewa.

Sai barewa ta hayayyafa. Zuwa 1924 wasu sun ce sun kai 100,000, wasu suka ce 30,000 ne. A 1970 masanin dabbobi Graeme Caughley ya nuna cewa waccan babbar lambar hasashe ce kawai, kuma rage shanu da tumakin da ke kiwo a tsaunin ma ya taimaka wajen yawaitar. Amma abin da ido ya gani babu gardama a kansa. Sun cinye ganye har iyakar inda bakinsu ke kaiwa in sun miƙe da ƙafar baya, ta yadda in ka dubi dajin sai ka ga layi a jikin bishiyoyi kamar an bi da almakashi. Da hunturu ya zo, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, suka riƙa mutuwa dubbai. Kuma wa ke fara mutuwa? 'Ya'yan, don su ne ba su da tsawon kaiwa ga ganyen da ya rage.

A nan ne aka yi wani abin dariya. Da yake mutane ba sa son a harbe su, wani mai suna George McCormick ya ce zai kora dubban barewa su gangara kwazazzabon, su haye kogin Colorado, su hau ɗaya ɓangaren. A watan Disamba na 1924 ya tara mutane sama da ɗari, ciki har da 'yan ƙabilar Navajo, da ƙararrawa da gwangwanaye, har da masu ɗaukar fim. Guguwar ƙanƙara ta taso, barewa suka ratsa tsakanin masu korar suka koma bayansu. Ko guda ba ta haye ba. Da gwamnatin tarayya ta ce to a rage su da bindiga, gwamnan Arizona George Hunt ya ce bai yarda ba, har aka kama maharba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1928 cewa tarayya na da ikon kashe barewa don kare dajinta.

A wannan shekarar ta 1928 Pennsylvania ta juya dokarta: aka rufe farautar maza, aka buɗe ta marasa ƙaho kaɗai. Maharba suka fusata, masu gonaki suka kafa alluna cewa ba a harbin mace a nan.

Mutumin da ya fi shan wahalar wannan rigima shi ne Aldo Leopold. Yana saurayi ma'aikacin gandun daji ne a kudu maso yammacin ƙasar, kuma yana cikin masu goyon bayan a ƙarar da kyarkeci, a ganinsa in babu kyarkeci barewa za ta yawaita maharba su huta. Abin da ya faru a wurare irin Kaibab ya sauya masa tunani. Ya zama farfesa a jami'ar Wisconsin, a 1943 aka sa shi a hukumar kula da namun dajin jihar, lokacin barewa na mutuwa da yunwa a arewacinta. Ya ce a harbi mata. Aka buɗe 'yan kwanaki na maza, 'yan kwanaki na marasa ƙaho, aka kashe kimanin 128,000, kusan rabi mata da 'ya'ya.

Jama'a suka yi ca a kansa. Suka sa wa shekarar suna laifin 1943. Aka kafa ƙungiya har da jaridarta mai suna Save Wisconsin's Deer, aikinta caccakarsa. Masu otal da masaukan 'yan yawon buɗe ido ma suka shiga, don baƙinsu barewa suke zuwa kallo. A gaskiya suna da ɗan abin riƙewa, domin maharban sun yi cincirindo a wuraren da mota ke kaiwa suka yi ɓarna a can, dazukan da yunwar ta fi tsanani kuma ba a taɓa su sosai ba. Leopold ya rasu a 1948 maganar ba ta mutu ba.

Wani abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne fim. A 1942, shekara guda kafin wannan farauta, kamfanin Disney ya fitar da Bambi, labarin ɗan barewar da maharbi ya kashe wa uwa. Ba a ma nuna harbin ba, ƙarar bindiga kawai ake ji, sai ɗan yana yawo cikin dusar ƙanƙara yana kiranta. Yara miliyoyi sun yi kuka. Abin mamaki, Felix Salten, ɗan Ostiriya da ya rubuta littafin a 1923, shi ma maharbi ne.

To mu ajiye fim mu dubi kalanda, don a ganina rabin amsar tana nan. Ana haihuwar 'ya'yan barewa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Cikin makonni goma zuwa goma sha biyu sun iya rayuwa da ciyawa ba nono. Babbar farautar bindiga a jihohin arewa Nuwamba ake yin ta, lokacin ɗan ya kai wata biyar ko shida. Harbin uwa a Yuni hukuncin kisa ne ga jaririnta, kuma doka ba ta buɗe farauta a lokacin. Harbinta a Nuwamba wani abu ne daban. Ba na cewa ɗan ba ya asara, ya rasa mai nuna masa inda abinci da mafaka suke a hunturunsa na farko, amma yawanci yana bin sauran garke ya rayu.

Akwai abin da masu goyon bayan harbin mata ba sa son a tayar. Nuwamba ne lokacin barbara, ciki kuma kusan kwana 200 yake yi. Wato macen da aka harba a Disamba ko Janairu galibi tana da ciki, maharbi kan gani da idonsa in ya zo fiɗa. Lissafin rage yawa ma dama a kan haka yake, mace ɗaya a yau bakuna uku ne a baɗi. Wanda zuciyarsa ta ƙi wannan ban ga laifinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya kira kansa mai tausayi ya kira ɗayan azzalumi, alhali shi ne ya yarda aka kashe kyarkeci, aka bar garke ya cinye dajinsa, kuma ba ya nan a watan Fabrairu lokacin da 'ya'yan ke faɗuwa.

Shi kuma harbin ɗan barewa kansa, masana da yawa na cewa a inda hunturu ke da tsanani shi ne mafi ƙarancin illa ga garke, tunda shi ne dama ya fi kusa da mutuwa. Maharba kuwa kunya suke ji. Wani ma kuskure ne, ɗan namiji mai wata shida ƙahonsa bai wuce ƙululu biyu ba, daga nesa sai a ɗauka mace ce, lasisin marasa ƙaho kuma ya halatta shi.

Kada wani ya ɗauki wannan ya kai dajinmu. Mu muna inda Amurka take a 1900 ne. A yankin Termit na Nijar, binciken da aka yi a 2016 kan dabbar addax ya ga guda uku kacal. A irin wannan wuri mace ɗaya ba ta da farashi.

Can kuwa yau ana ƙiyasta barewa mai farar wutsiya ta kai miliyan 30. Motoci na karo da su sama da sau miliyan guda a shekara, suna cin gonaki, suna cinye ƙananan bishiyoyi kafin su tashi. Duk da haka tsohuwar tarbiyyar ba ta saki mutane ba. Gary Alt, masanin da Pennsylvania ta ɗora wa aikin barewa a 1999, ya zagaya jihar yana roƙon a ƙara harbin mata, har ta kai yana sa rigar sulke zuwa taron jama'a. Ya ajiye aikin a ƙarshen 2004. Wisconsin kuma a 1996 ta fito da dokar cewa a wasu yankuna sai ka kawo mara ƙaho kafin a ba ka izinin harbin mai ƙaho. Dokar ta rage yawan garken, maharba kuma suka tsane ta, suka matsa wa 'yan majalisar jihar har aka soke ta a 2011.