Lambun Görlitzer

Lambun Görlitzer wurin shaƙatawa ne na jama'a da ke unguwar Kreuzberg a birnin Berlin na ƙasar Jamus. Faɗinsa kimanin hekta 14 ne, kuma mutanen unguwar sun fi kiransa da "Görli". An yi shi ne a filin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Görlitzer Bahnhof, shi ya sa ya zama dogo marar faɗi, kamar yadda layukan dogo suka bar shi. Titin Görlitzer ya bi ta arewacinsa, titin Wiener ta kudancinsa, sannan magudanar ruwa ta Landwehr ta yi masa iyaka ta gabas.

Tashar jirgin ƙasa

An gina tashar ne a shekarun 1860 bisa zanen August Orth, ƙarƙashin jagorancin hamshaƙin ɗan kasuwar jiragen ƙasa Bethel Henry Strousberg. Tun ba a gama ginin ba aka fara amfani da ita a 1866, inda ta ɗauki sojojin Furusiya zuwa yaƙi da Austiriya. A ƙarshen 1867 layin dogon ya isa garin Görlitz, wanda daga gare shi tashar ta samo sunanta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa ginin ɓarna, amma rabuwar Jamus ce ta ƙarasa shi. Tashar na cikin Berlin ta Yamma, alhali layinta ya bi ta yankin gabas ne. A watan Afrilu na 1951 jirgin fasinja na ƙarshe ya bar tashar, kuma a shekarun 1960 aka rushe babban ginin. Jiragen kaya sun ci gaba da shigowa ta gadar da ke kan magudanar Landwehr, suna ƙetare Katangar Berlin, har zuwa 1985. A tsawon waɗannan shekaru filin ya zama wurin jibge gawayin kwal da ƙarafuna, har ƙasar ta gurɓace da mai.

Yadda ya zama lambu

Kreuzberg unguwa ce mai cunkoso, cike da ma'aikata, ɗalibai da iyalan Turkawa, ga ƙarancin wurin shan iska. Mazauna ne suka fara matsa lamba a ba su filin. A 1981 aka kafa wata 'yar gonar yara mai dabbobi, wadda har yau tana nan. An buɗe wurin ninƙaya na Spreewaldbad a 1987 a inda ginin tashar yake a da. Aikin lambun kansa ya fara a ƙarshen shekarun 1980, aka ci gaba da shi cikin shekarun 1990, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa.

Ba a share tarihin wurin gaba ɗaya ba. Akwai ragowar rumbunan ajiye kaya, ga kuma wani babban kwari a tsakiyar lambun inda ake ganin ɓurɓushin bangon hanyar ƙarƙashin ƙasa da masu tafiya a ƙafa ke bi su ƙetare tashar. Saboda duhu da zarninta, mutanen unguwa sun yi mata laƙabi da "bututun fitsari". Tashar jirgin cikin gari da ke kusa ma har yanzu Görlitzer Bahnhof ake kiranta, ko da yake tashar da ta ari sunanta ta daɗe da ɓacewa.

Abin da bai yi ƙarko ba shi ne maɓuɓɓugar Pamukkale, wadda Wigand Witting ya tsara ta hanyar kwaikwayon fararen duwatsun Pamukkale na Turkiyya, domin girmama Turkawan unguwar. Dutsen da aka yi amfani da shi bai jure sanyin hunturu ba, ya farfashe jim kaɗan bayan kammalawa. An killace wurin tsawon shekaru ana shari'a, daga ƙarshe aka rushe shi a 2009.

Taƙaddama kan tsaro

Idan rana ta fito, lambun kan cika da iyalai masu gashin nama, 'yan ƙwallo da makaɗa. Sai dai sunansa ya fi yaɗuwa saboda cinikin tabar wiwi da sauran miyagun ƙwayoyi. Da yawa daga masu tallar matasa ne 'yan Afirka ta Yamma masu neman mafaka, waɗanda doka ba ta ba su izinin aiki ba. Hakan ya sa baƙaƙen fata da ba ruwansu da harkar ke kukan cewa 'yan sanda na yawan tare su saboda launinsu kawai.

A 2015 hukumar Berlin ta sa dokar hukunta duk wanda aka kama da ƙwaya a lambun komai ƙanƙantarta, amma cinikin ya koma titunan da ke kewaye, aka janye dokar a 2017. A 2019 manajan lambun ya shata wa masu tallar wuraren tsayawa da fenti mai ruwan hoda, abin da ya jawo suka daga ko'ina. A 2023 magajin garin Berlin, Kai Wegner, ya ba da sanarwar kewaye lambun da shinge tare da rufe shi da dare. Ƙaramar hukumar Friedrichshain-Kreuzberg ta kai ƙara kotu ba ta yi nasara ba, kuma wasu mazauna sun yi ta zanga-zanga suna cewa rufewar za ta tura matsalar ne zuwa ƙofar gidajensu. An fara aikin shingen a 2025.