Manjo Janar Muhammadu Sani Sami (1943–2025): Sojan Da Bai Manta Gida Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Hausawa sun ce maƙwabcinka ɗan'uwanka ne, saboda haka rashin da ƙasar Zuru ta yi ranar 16 ga Agusta, 2025, rashi ne da ya taɓa mu mutanen Yauri, Ngaski da Shanga. A ranar ce Allah Ya karɓi ran Mai Martaba Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, a wani asibiti da ke Landan, yana da shekara 81.

An haifi marigayin a Zuru ranar 24 ga Oktoba, 1943, lokacin da samarin Arewa ke ƙetare teku zuwa yaƙin Bama. Ƙasar Zuru ta daɗe da yin suna wajen aikin soja, kuma dattawa kan danganta wannan da al'adar golmo ta Dakarkari, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata. Wanda ya jure wannan, ba fareti ne zai karya shi ba.

Ya shiga soja a 1962, aka tura shi makarantar horon hafsoshi ta Mons da ke Aldershot a Ingila, ya fito da muƙamin hafsa a 1963. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same shi yana matashin hafsa. Da Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki a ƙarshen 1983, sai aka naɗa shi Gwamnan Jihar Bauci, ya riƙe ta daga Janairun 1984 zuwa Agustan 1985. Ya yi ritaya a 1990. Wani ikon Allah, shi da Buhari a birni ɗaya suka cika, tsakaninsu wata guda da 'yan kwanaki.

A 1995, shekara huɗu bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, ya hau gadon sarautar Zuru. Nan ne aka ga ainihin halinsa, domin Zuru ƙasa ce da ake samun Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya a cikin zuriya ɗaya. Shi Musulmi ne, amma ya zama uban kowa, ya kuma ɗaukaka bikin Uhola domin ya haɗa kan jama'arsa. Shekara talatin ya yi yana wannan riƙo, yana zama majalisa ɗaya da Sarkinmu, Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Ya rasu ya bar matan aure huɗu da 'ya'ya bakwai.

Ƙarshen zamaninsa bai zo da sauƙi ba. 'Yan bindiga sun addabi Danko-Wasagu da Sakaba, mu ma ba mu tsira ba, domin ranar 17 ga Yuni, 2021 aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Gobarar da ta kama gemun ɗan'uwanka, shafa wa naka ruwa.

To, 'yan'uwa mazauna Kaduna, Abuja, Legas da Sakkwato, ga abin lura. Mutumin da ya yi gwamna ya kai janar yana da halin zama duk birnin da ya so, amma ya komo cikin danginsa ya ƙare kwanakinsa yana yi musu hidima. Ruwan Kainji ya taɓa tashin iyayenmu daga tsibirai a 1968, suka sake gina gidaje ba tare da sun yar da zumunci ba. Mu da neman abinci kawai ya fitar, ba mu da hujjar barin makarantunmu da masallatanmu da tsofaffinmu ba mai dubawa. Ku riƙa zuwa gida da 'ya'yanku, ku nuna musu kaburburan kakanninsu.

Allah Ya jiƙan Gomo na Biyu, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.