Kumburin Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

Kumburin ƙwaƙwalwa shi ne tashin da garkuwar jiki ke yi a cikin ƙwaƙwalwa idan ta ji rauni ko cuta ta shige ta. Yana daga cikin manyan abubuwan da masana ke bincike a kansu game da gigin tsufa, ciwon nan da ke cinye tunani har dattijo ya kasa gane jikansa, ko ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a 2021, kuma cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da shi.

Masu gadin ƙwaƙwalwa wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira maikiroglia, waɗanda Pío del Río Hortega ɗan ƙasar Sifen ya bayyana a 1919. Aikinsu shara ne: su kwashe matattun ƙwayoyi, su haɗiye dattin furotin irin su amiloid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. Matsalar tana farawa ne idan dattin ya ƙi ƙarewa. Sai masu gadin su zauna cikin shirin yaƙi shekara da shekaru, suna fitar da sinadaran da ke lalata mahaɗar jijiyoyin da aka ɗora musu tsaronsu. Masana da yawa sun daɗe suna ɗaukar wannan kumburin a matsayin alama kawai, har 2013 da aka gano cewa wani canji a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda ke sarrafa maikiroglia, yana ninka haɗarin Alzheimer kusan sau uku. Daga nan aka gane cewa kumburin yana da hannu a cutar kanta.

Kashe shi dai bai zo da sauƙi ba. Tun kafin haka an gwada magungunan raɗaɗi da kumburi irin su naproxen a Amurka, aka dakatar da gwajin a 2004, ba su hana cutar ba. Saboda haka kuskure ne a riƙa ɗura wa tsoho irin waɗannan ƙwayoyi daga kemis da sunan rigakafi, domin suna cin ciki da ƙoda.

Batun ya shafi ƙasar Kabi kai tsaye. Sanƙarau, wanda ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kabi a 2017, ya sake bayyana a Gwandu da Jega da Aliero a 2025. Wanda ya tsira kan tashi da kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta. Ga kuma sauro a fadamun shinkafa daga Argungu zuwa Ambursa da Birnin Kebbi: binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a jihar Kabi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadi mafi yawa a Najeriya, kuma zazzaɓin kan hau ƙwaƙwalwa. Abin da wannan ke bari a kan mutum idan ya kai shekara 70 tambaya ce da ta cancanci a kashe mata kuɗi a nan gida.

Dalili kuwa, sakamakon da aka samu a ƙasashen waje ba kullum yake dacewa da mu ba. Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna Yarabawa ba su kai baƙaƙen Amurka kamuwa da Alzheimer ba, kuma ƙwayar gado ta APOE4, mai ƙara haɗarin cutar, ba ta yi musu tasiri kamar yadda take yi a can. A Zariya, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya sami gigin tsufa a kusan kashi 3 cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. Yawancin masu ciwon a gida ake jinyarsu, ana cewa tsufa ne ko sammu, kaɗan ne ke isa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.