Ina Tsofaffin Hotunan Rano da Kibiya Suke?

Tun 2019 da aka maido wa Rano masarautarta, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake dawo da ita a Yuli mai daraja ta biyu tare da Kibiya da Bunkure, ba a daina muhawarar tarihi a shafukanmu ba. Kuma kowa so yake ya kafa hujja da hoto. Sai ka ga an ɗora tsohon hoton ganuwa, an rubuta wai ƙofar Rano ce kafin zuwan Turawa. Jama'a, mu yi a hankali. Ni dai waɗanda na bi diddiginsu, na birnin Kano ne aka sauya musu suna.

Dalili kuwa a fili yake. Kyamara hanyar Bature ta bi. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma shahararren zanen da ke littafinsa na birni ne daga kan Dala. Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya a 1903 ta Bebeji ta bi, nan kusa da mu, ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, shi ma bai biyo ta Rano ba. To kun ga, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wanda labarin Bayajidda ya haɗa shi da Kano a matsayin sarakunan baba, sai ya zama a gefen hanya. Marinar da duniya ta gani a hoto ta birni ce.

Ga mai son hoton da zai sa a littafi ko fasta ko bidiyo ba tare da cin haƙƙin kowa ba, akwai inda ake samu kyauta. Littafin Barth da na Charles Robinson na 1896 kan ƙasar Hausa duk suna Internet Archive, haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, sun zama na kowa. A 2011 ma'adanar tarihi ta Ingila ta zuba hotunan zamanin mulkin mallaka a Flickr, har da na Arewa. Sai kuma Wikimedia Commons, amma a nan sai ka karanta sharaɗin da ke ƙarƙashin hoton, don da yawansu kyauta ne bisa sharaɗin ka ambaci wanda ya ɗauka. Ganin hoto a Google ba izini ba ne fa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta ba hoto shekara 50 daga fitowarsa. Ke nan hoton da jarida ta buga a 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga, ya fita daga kariyarta. Irin waɗannan ne namu: na hawan sallah, na kasuwa, na 'yan firamare. Suna cikin adaka da tsofaffin albam a gidajenmu, gara da damina suna ta cin rabonsu.

Wanda yake da su ya ciro, ya ɗauka da waya, ya tambayi dattijon gidan shekara da wuri da sunan mai hoton, ya rubuta. Wanda ba shi da su, ga duwatsun Rano da Rurum, ga kasuwar Kibiya, ya ɗauka da kansa ya ɗora a Commons da kwanan wata.