Hanyar Jirgin Ƙasa Daga Zamanin Gyaɗa Zuwa Zamanin Sauri

A cikin 1911 ne dogo ya iso Kano daga Baro, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Kwara. An fara aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. A 1912 aka haɗe wannan hanya da wadda ta taso daga Ikko, suka zama abu guda. Daga nan sai rassa suka biyo baya: Zariya zuwa Ƙaurar Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, sannan dogo ya kai Maiduguri a 1964.

Duk wanda ya dubi inda rassan nan suka nufa zai gane abin da ya sa aka shimfiɗa su. Turawan mulkin mallaka auduga da gyaɗa da kuza da fatu suke so su kai bakin teku, kuma da kuɗi kaɗan. Saboda haka suka zaɓi ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, layi ɗaya tilo, da ƙarafa marasa nauyi. Inda suka tarar da dutse ko kwari sai su kewaye shi, domin fasa dutse da gina gada suna cin kuɗi. Ta haka hanyar ta cika da kwana-kwana. Buhun gyaɗa ba ya ƙorafi in ya kwana a hanya, amma fasinja yana yi. Ko da aka gyara hanyar aka sake buɗe ta a ƙarshen 2012, jirgi yakan shafe sa'a 30 ko fiye tsakanin Ikko da Kano, tafiyar kilomita 1,126.

Maganin da hukuma ta zaɓa shi ne sabon dogo mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi. A watan Yuli na 2016 aka buɗe hanyar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, tafiyar sa'a 2 da 'yan kai. Ta Ikko zuwa Ibadan ta biyo baya a 2021, kuma a wannan shekara aka aza harsashin ta Kaduna zuwa Kano da ta Kano zuwa Maraɗi.

To, amma faɗin dogo kaɗai ba shi ne sauri ba. A jihar Kwinslan ta Ostireliya, tun 1998 jiragen fasinja ke gudun kilomita 160 a sa'a bisa dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, daidai da tsohon dogon Nijeriya. Abin da suka yi shi ne miƙe kwanoni, da sa ƙarafa masu nauyi, da kawo taragu masu karkata a kan kwana. Wato sauri yana zuwa ne daga miƙaƙƙiyar hanya da kulawa ta yau da kullum. Yana kuma bukatar tsaro, kamar yadda harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022 ya nuna, domin sai da jirgin ya yi wata 8 a tsaye.

Abin dubawa a nan shi ne, jirgin sabon dogo ba ya hawa tsohon dogo. Idan aka zuba dukiya duka a kan sabuwar hanya tsakanin manyan birane, aka bar tsofaffin rassa ciyawa ta cinye su, to Funtuwa da Gusau da Ƙaurar Namoda da Nguru za su zama 'yan kallo. Dogon farko ya je garuruwan nan ne don amfanin gonarsu. Haƙƙin da ke kan masu tsara ayyukan ƙasa shi ne su gyara rassan nan don mutanen da suka noma shi.